Shekarar da Na Koma Kwata

Ranar Laraba ce da hantsi. Ina zaune a ofishin dabbobi da takarda a hannuna, na karanta ta sau uku ban ƙoshi ba, sai ga Tanko ya jingine kekensa a gindin dogon yaro ya shigo ko sallama babu. Tanko abokin wana ne, tare suke fawa tun suna yara.

"Bello, tashi. Sanda ya hwaɗi a Kara."

"Sa ya taka shi?"

"Babu san da yat taɓa shi. Igiya na hannunai, sai munka ga ya durƙusa shina neman numfashi. An kai shi asibiti."

Na ninke takardar na sa a aljihu, na hau bayan keken. Takardar cewa take na ci jarrabawar da na zauna da damina, an zaɓe ni in tafi makarantar malaman dabbobi can ƙasar Jos, shekara biyu. Lokacin saura shekara guda a karɓi mulkin kai, Turawa na shirin tafiya, ana neman 'yan ƙasa da za su riƙe aiki. Ina da shekara ashirin da uku, watana biyar da auren mahaifiyarku.

Na san abin da kuka tashi kuna ji, cewa babanku ya faɗi jarrabawa aka sallame shi daga aikin gwamnati ya koma fawa. Na san Amina ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka saboda an kira ta 'yar Malam Bai-ci-ba. Ban ce muku komai ba a lokacin. Mutum uku ne suka san yadda abin yake, ni da Malam Haruna da mahaifiyarku. Malam Haruna ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarku kuma, Allah ya ji ƙanta, bara ta bi shi. Tun da aka kai ta nake jin bai kamata maganar ta bi ni ƙasa ba.

Gidanmu gidan mahauta ne tun kakan kakanmu. Mu biyu Baba ya haifa maza, Yaya Sanda da ni, shekara tara tsakaninmu. Ku da kuka san Baffanku a zaune bisa tabarma bayan teburin nama, da siraran hannuwa, ba za ku yarda ba in na ce muku a Kara duka babu mai ƙarfinsa. Shi kaɗai yake murɗe wuyan bajimi ya kai shi ƙasa. Cinyar sa yake saɓawa a kafaɗa tun daga kwata har kasuwa yana tafe yana zolayar mutane. Damtsensa na dama ya fi na hagu kauri a fili, tafin hannunsa kuwa ko garwashi ya ɗauka ya kunna taba ba ya ji. Shi ne ya sa aka kai ni boko. Da aka zo neman yaro ɗaya daga gidanmu Baba ya so ya ɓoye ni a ƙauye wurin kawunmu, Yaya ya ce a bar ni in tafi, aikin mutum biyu shi zai yi. Ya kuwa yi, shekara da shekaru, bai taɓa yi mini gori ba. Da na gama aka ɗauke ni mai taimakon malamin duba nama, ranar da na fara shiga kwata da farar riga da hatimi a hannu, Yaya ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya yana cewa:

"Ku gyara tsayuwa, ga gwamnati ta iso. Ƙanena na, amma ba shi da sani ba shi da sabo."

Malam Haruna, wanda nake ƙarƙashinsa, mutumin Adamawa ne, dogo, mai magana a hankali. Aikinmu shi ne kowace dabba aka yanka mu duba hanta da huhu da zuciya da ƙoda kafin a buga hatimi. Ni ɗan mahauta ne, na san nama mai kyau tun kafin in san baƙi, amma ban san dalili ba. Shi ya koya mini dalili. Yana da madubin likita a ofis, wanda muke duba jinin shanu da shi saboda ciwon sammore, yana kuma da wani ɗan akwati na 'yan gilasai da ya zo da shi daga makarantarsu, kowane gilashi da ɗan yankin nama siriri kamar fatar albasa, an rina shi. Ranar da ya fara sa ni in leƙa, na ga abu kamar saƙar zuma, ɗakuna ƙanana jere da juna, kowanne da ɗigo a tsakiya. Jikata Hadiza da ke karatun jinya ta ce mini yanzu ƙwayoyin halitta ake ce musu. Malam Haruna 'yan ɗakuna yake cewa, ni ma haka na saba.

Ya ce duk jikin dabba da na mutum da waɗannan aka gina shi, kuma kowane ɗaki rai gare shi, yana ci yana aiki yana gajiya. In aka ƙara musu aiki sai su ƙara girma, shi ya sa damtsen Yaya ya yi kauri. In aka bar su ba aiki sai su motse, kamar ƙafar da ta karye ta daɗe a ɗaure. In ana gugar su kullum sai su yi yawa su taurare, shi ne kantar da ke tafin hannu da wuyan takarkari. Duk wannan, ya ce, ba ciwo ba ne tukuna, dabara ce da Allah ya ba jiki don ya jure. Amma juriyar tana da iyaka. Ya canza gilashi ya nuna mini hantar da guba ta taɓa, ɗakunan sun kumbura sun yi fari-fari kamar wake da ya kwana a ruwa. Ya ce waɗannan in an ɗauke musu abin da ke damunsu yau, za su koma yadda suke. Ya sake canzawa. A na ukun babu ɗigon tsakiya, bangon ɗakunan ya rushe, wuri ya zama fili.

"Waɗannan fa, Malam?"

"Waɗannan sun tafi. Sai tabo ya cike gurbin. Aikinmu, Bello, mu san inda abu yake tsakanin na biyu da na uku."

A asibiti muka iske Yaya zaune bisa gado, ya farfaɗo, har yana faɗa da malamin asibiti a kan ina aka kai hularsa. Kwana huɗu ya yi. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kira ni da Baba, ya ɗaga hoton a jikin taga, malamin asibiti yana fassara. Ya ce jininsa ya daɗe da hawa, zuciya tana tura jini da wahala, saboda haka ta yi girma, ta kusa cika rabin ƙirji. Ya dunƙule hannu ɗaya ya ce ga yadda ya kamata ta kasance, ya haɗa hannu biyu ya ce ga yadda take. Ya ce a bar aikin ƙarfi, a bar gishiri da kanwa, ga ƙwayoyi a riƙa sha. Baba ya matso ya ƙura wa hoton ido, duk da hazon da ya fara rufe masa gani, ya gyaɗa kai. Muna fita ƙofar asibiti ya ce:

"Alhamdu lillahi. Na ɗauka wani mugun abu za shi ce."

"Baba, ai mugun abun ya ce."

"Zuciya babba? Kai dai boko ya ɓata ma ido. Wace zuciya ka hi tsada bisa tebur, ta tunkiyar gida ko ta san noma?"

Kada ku yi wa kakanku dariya. Abin da ya faɗa gaskiyar sana'arsa ce. Mahauci in ya buɗe sa ya tarar da zuciya mai kauri, ja, mai cika hannu biyu, ya san wannan dabbar ta yi aiki kuma ta ci ta ƙoshi. Haka maganar ta bazu a kwata, cewa Bature ya auna zuciyar Sanda ya ce ta bajimi ce. Aka riƙa zuwa yi masa barka. Inna, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta yi masa farfesun ƙafar sa da gishiri daidai bakinsa, ta ce wancan yaron yunwa ce ta kayar da shi. Ya ɗan yi jiki kuma a kwanakin, fuska ta cika, ƙafafu sun cika takalmi, kowa na cewa hutu ya karɓe shi. Kwana bakwai da sallamarsa ya koma riƙon igiya. Ina tsaye da hatimina ina kallonsa. Ya kayar da san, amma da ya miƙe sai da ya dafa bango, leɓɓansa sun yi duhu.

Na je na gaya wa Malam Haruna duk abin da likita ya ce. Ya ce 'yan ɗakunan zuciya ba kamar na fata ba ne, ba sa haihuwa. In nauyi ya ƙaru, kowanne kumbura kansa yake ya ɗauka. Ɗaki ya yi girma, cinsa ya ƙaru, hanyar da ke kawo masa jini kuwa ba ta ƙaru daidai da shi ba. Sai wasu su fara mutuwa ɗaya-ɗaya, tabo ya maye, sauran su ƙara ɗaukar nauyi. Daga nan kaurin sai ya koma sakwarkwacewa. Na tambaye shi Yaya yana wane gilashi, na biyu ko na uku. Ya ce shi malamin dabbobi ne ba na mutane ba, amma mutumin da har yanzu yake iya kayar da sa, akwai sauran abin da za a ceta a ƙirjinsa.

Na yi ta yi wa Baba bayani da baki, ba ya shiga. Abin da ya shigar da shi wani tsohon takarkari ne da aka koro daga arewa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a dakon gishiri. Tun a tsaye na ga yana haki, ƙasan wuyansa ya yi luhu-luhu. Wani mahauci ya saye shi da arha. Da aka buɗe, na hana kayan cikin hatimi, amma kafin a kai su rami na je na kamo hannun Baba daga inda yake zaune na kawo shi. Na ɗora masa zuciyar a hannu. Ta fi kowace zuciya da aka fitar ranar girma. Ya jujjuya ta, ya latsa, ta lotsa ta zauna a tafinsa.

"Wagga ba zuciya ta ba, salkar ruwa ta. Mi kaka nuna min? Shekara arba'in ina jehwa ma karnuka irinta."

Na tsaga ta. Bangon ya miƙe ya yi laushi, ga farin zane-zane a cikin jan naman. Na matsa huhun, kumfa ta fito. Hantar ta yi dabbare-dabbare kamar jikin zabuwa.

"Baba, ita ma da kauri ta fara. Lokacin da shina da ƙarfinai, da an yanka shi, da ita za ka fara ɗauka bisa tebur. Ba a sauke mai kaya ba."

Ya ajiye ta a hankali, ba jefarwa ba, ya goge hannunsa a zanen aikinsa, ya koma wurin zamansa.

Da la'asar muna tsakar gida, Yaya yana alwala, Baba ya ce masa ya zo ya zauna ya miƙo ƙafa. Kun san yadda mahauci ke gwada dabba a kasuwa kafin ya taya. Yatsa yake dannawa. In kitse ne, wurin yakan taso ya koma daidai. In ruwa ne, rami yake bari.

"Baba, saye na za ka yi? Ka dai taya da daraja."

Baba ya ɗora babban yatsansa a ƙaurin Yaya ya danna, ya ɗan jima, ya ɗaga. Ramin ya zauna. Da yake idonsa ba ya gani sosai, sai ya sa ɗan yatsa ya shafa wurin ya ji zurfinsa. Mu duka muna kallo, har da mahaifiyarku daga bakin ɗakinta. Ramin bai cike ba har Baba ya yi magana.

"In da kai sa na, Sanda, ba ni saye."

Yaya ya yi dariya, shi kaɗai. Inna ta tashi ta shiga madafi. Daga ranar ba ta ƙara sa gishiri a kwanonsa ba.

Amma barin gishiri daban, barin igiya daban. A kwatarmu ta wancan zamani kowane gida shi ke kayar da sansa. Gidan da ba shi da ɗa mai riƙon igiya, a hankali wurin tsayuwarsa ke komawa hannun wani, ya zama mai sarin nama a hannun waɗanda da yake gaba da su. Baba ya ce a nemi ɗan ƙwadago. Yaya ya ce baƙo ba zai riƙe igiyar gidanmu yana numfashi ba. Na ce ni zan iya. Ya juyo ya kama hannuna ya buɗe tafin ya nuna wa Baba.

"Dubi, kamar na amarya. Wanga hannu na alƙalami na, ni na biya kuɗinai da wuyana." Sa'an nan ya daina dariya. "Bello, ji nan. In ka aje aikin gwamnati sabili da ni, wallahi ba ni ƙara sa hannu kwano ɗaya da kai. Ka ji na rantse."

Na san shi. In ya rantse ya gama. Washegari ya koma Kara.

Kwana goma sha biyu suka rage in ba da amsar takardar. A gida an san na zauna jarrabawa, ba a san sakamako ya fito ba, don ranar da ya fito ita ce ranar da Yaya ya faɗi. Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa. Ba ta iya karatun boko ba, amma ita ta ajiye takardar a ƙasan kwallarta, tana ta shirin yadda za ta bi ni Jos, har ta fara tambayar mutane ko gaskiya ne sanyin can yana sa ruwa ya daskare. Wata safiya tana dama mini kunu na gaya mata abin da nake son yi, in bar aiki in ce na faɗi jarrabawa. Ta ci gaba da damawa har na zaci ba ta ji ba.

"Za su yi ma dariya," ta ce.

"Za su yi."

"Ni ma za a yi min, gidan biki." Ta miƙo mini kwanon. "To, a yi. Dama tsoron sanyin nan nikai."

Malam Haruna ya fi ta wuyar shawo kai. Ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni ko na san irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce na sani. Ya ce in tafi, in na dawo da girma zan fi amfanar gidanmu. Na ce shekara biyu ce, Malam, kai ka nuna mini gilashi na uku. Na kuma gaya masa abin da zan faɗa a gida. Ya mayar da tabarau ya ce:

"Ni ba zan yi ƙarya dominka ba. Wanda ya tambaye ni, zan ce ya tambaye ka."

"Ya isa, Malam."

"In aka cire wa dabba ƙoda ɗaya, ɗayar takan girma ta yi aikin biyu. Na gani da idona. Ka dai kula da kanka, kar kai ma watarana a ce salka."

Na rubuta takardar barin aiki da hannuna, na mayar da farar riga da hatimi. Da azahar na shiga gida na tarar da Baba da Yaya suna cin abinci, na tsuguna na ce sakamako ya fito, ban ci ba, kuma tunda ban ci ba wurina za a ba wani. Ƙarya ce, na kuma nemi gafarar Allah a kanta fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Yaya ya tsame hannunsa daga kwano. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ya faɗi. Ya tambaye ni ko wani ne ya yi mini makirci, ya je ya same shi. Na ce a'a, lissafi ne ya kayar da ni. Ya ce:

"To. Allah ya sa haka shi ya hi alheri. Gobe ka hito da wuri, in nuna ma ɗaurin ƙahwa. Ba ka zama gida kamar mace mai jego."

Baba ya ci gaba da cin abincinsa. Sai da aka watse, ina zuba masa ruwan wanke hannu, ya ce a hankali, wanda ya faɗi jarrabawa ba haka yake sallama ba. Bai ƙara ba, ban ƙara ba, har ya bar duniya. Shi ya sa ban sa shi cikin mutum ukun ba. Ban san iyakar abin da ya gane ba.

Da haka Yaya ya saki igiya, ba don ciwonsa ba, a ganinsa, sai don ƙanensa ya rasa aiki kuma dole a koya masa sana'a. Ya ce wata ɗaya zai zauna yana nuna mini. Watan farko tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Mahaifiyarku tana shafa mini man shanu tana tsaki. Wani bajimi ya ja ni a ƙasa tun daga bakin kwata har kwatami, mahauta suna tafi, nan Tanko ya raɗa mini Malam Bai-ci-ba, sunan ya zauna. Yaya na bisa turmi a kife yana ihu:

"Ba da ƙarhi ba, dakiki! Jira shi ɗaga ƙahwa! Wai mi anka koya maka a makarantar nan?"

Wata ɗaya ya zama uku, don kullum sai ya ga ban iya ba tukuna, ni kuma ban yi gaggawar iyawa ba. Kafin shekara ta zagayo hannuna ya yi kanta, kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tudu, riguna suka matse ni. Nasa damtsen kuma ya fara zubewa. Ina kallon abin da Malam Haruna ya nuna mini a gilashi yana faruwa a jikinmu mu biyu. Amma ƙafafunsa sun sace, ya daina haki in ya yi ruku'u, leɓɓansa sun koma kalarsu. Duk wata ina kai shi asibiti a bayan keke yana mita. Likita ya ce zuciyar ba za ta koma kamar da ba, abin da ya mutu ya mutu, amma ta daina ƙaruwa. Baba kuma ya mai da danna ƙafar nan al'ada, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

"Yau nawa ka taya, Baba?"

"Yau dai ana iya ciniki."

Yaya ya koma teburin kasuwa, wurin da Baba ya tsufa a kai, sai ga shi ashe bakinsa ya fi damtsensa kawo kasuwa. Kuyangi da 'yan aike da matan ma'aikata duk wurinsa suke tsayawa don ya tsokane su. Tuwo marar gishiri ne dai bai taɓa yafe wa kowa ba. Kullum sai ya ce da Inna miyarta kamar wankin kwano. Ranar da aka karɓi mulkin kai ban ga ɗaga tuta ba, ina kwata tun asuba saboda yawan yankan da aka yi, Yaya na bisa turminsa yana ba da umarni kamar shi aka miƙa wa ƙasar. Da na kayar da na ƙarshe ban ko tsaya numfasawa ba, na ji ya ce da Tanko, ba da ni ba:

"Ka gani? Boko bai karɓe shi ba, amma jinin gida na nan."

Wanda ya tafi Jos a gurbina ya dawo ya zama babban ma'aikaci, har da mota. Shekaru da yawa shi ke buga wa namana hatimi, muna gaisawa da mutunci. Ban taɓa jin zafinsa ba, ina so ku yarda da wannan. Fawa ta ciyar da ku, ta kai ku makarantun da ban kai ba, ta gina wannan gida na Mabera a inda na san gonar gero ce. Ilmin kuma bai tafi ba. Har na bar kwata, in mahauci ya buɗe dabba ya ga abin da bai gane ba, ni yake kira kafin malamin duba nama ya iso. Yaya ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. A cikinsu ya haifi Murtala da Luba, ya aurar da babbar 'yarsa, ya yi wa Baba sutura da hannunsa. In an ce in sake zaɓe, abin da na zaɓa zan zaɓa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Sunan da aka raɗa mini bai dame ni ba. Amma Yaya ya yi aikin mutum biyu tun yana saurayi don in yi karatu, wataƙila ma a nan zuciyar ta fara ɗaukar abin da ya fi ta, ni kuma na bar shi yana zaton karatun bai haifar da komai ba. Wani lokaci in motar ma'aikacin nan ta wuce ta gaban tebur, sai in ga ya bi ta da kallo, sa'an nan ya ce lissafi dai mugun abu ne. Da farko na ji tsoron in na faɗa zai koma igiya don haushi. Daga baya, da ƙarfin komawar ya ƙare, rantsuwarsa nake tsoro, don kwano ɗaya muke ci kullum. Daga baya kuma ban san me nake tsoro ba, na dai saba da shirun.

A shekararsa ta ƙarshe ruwan ya dawo, ƙwayoyi suka daina kore shi. Baba ba ya nan, ni nake danna ƙafar. Wata Juma'a, saura kwana tara babbar salla, na danna, ramin ya zauna, mu biyu muna kallonsa. Ya jingina da bango yana numfashi sama-sama, ya ce:

"Bello, Allah ya so ni da yay yi ka dakiki. Da ka ci jarrabawar nan, da tuni ciyawa ta hito bisa kaina."

Na yi dariya, shi ma ya yi har tari ya kama shi. Na buɗe baki, sai Luba ta shigo da ruwa, na fasa. Na ce a raina bari hidimar layya ta wuce, ranar yawon salla in zauna da shi mu biyu, in karɓo takardar daga wurin mahaifiyarku in karanta masa da bakina, ya ji cewa ƙanensa ya ci, kuma wahalarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Ya rasu ranar Talata da walaha, saura kwana biyar salla. Ban karanta masa ba.